Kafin Ka Ce Sun Yi Shawara

Ɗana, na karanta babi na huɗu na bincikenka. Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Sai dai wata jimla ta tsaya mini a rai. Ka rubuta cewa 'yan halittun da ka ƙera a kwamfuta "sun yanke shawarar haɗa kai". Haba ɗana! Wa ya ba su bakin shawara? Kai ne fa ka rubuta wa kowannensu dokarsa. Sau ɗaya tak ka kunna gwajin, ka ga sun dunƙule, ka ɗauki hoto, ka rufe.

Ka san yadda tsuntsayen jan-baki ke sauka gonar shinkafa a fadamar Haɗeja, dubbai, su karkata lokaci guda, alhali ba mai ba su umarni. A 1986 Craig Reynolds ya kwaikwayi irin wannan tashi da dokoki uku kacal: kada ka yi karo da na kusa da kai, ka fuskanci inda suka fuskanta, kada ka yi nisa da su. Babu dokar da ta ce a yi garke, amma garken ya fito.

Shi kuwa Thomas Schelling, masanin tattalin arziki na Amurka, a aikinsa na 1971 kwabbai iri biyu ya jera a kan allo. Kowane kwabo ya yarda ya zauna cikin waɗanda ba irinsa ba, muddin ba su yi masa yawa ainun ba. Duk da haka kwabban suka rabu unguwa-unguwa. Da hannunsa yake matsar da su, shi ya sa ya san dalilin kowane motsi. Kai fa, ka san dalilin naka?

Na lura a hotonka duk sun taru a kusurwar hagu. Wannan ya dame ni, domin sau da yawa bangon allo ne ke tare su, ko kuma jerin da suke bi wajen motsawa, ba wani haɗin kai ba.

Ka koma ka kunna gwajin sau ɗari, kana sauya inda ka zuba su da farko. Ka cire doka ɗaya ka gani ko taron zai watse. Ka rage nisan da kowanne ke hangowa. A manhajar NetLogo akwai samfurin Reynolds da na Schelling, ka fara gwada hannunka a kansu. Gwajin da bai ba ka abin da kake so ba, shi ma ka rubuta shi, don shi zan fara tambayarka idan ka dawo.