Inda Ruwa Ya Ɗiga Ba Nan Ya Shiga Ba

Ɗana, idan Allah ya hore maka ka ɗora bene a Zoza, ka zuba dekin, ka fitar da baranda, to ka ɗauko hidimar da mai rufin kwano bai san ta ba. Kwano gangare ne, ruwa na sauka yake wucewa. A shimfiɗaɗɗen rufi kuwa zama yake yi yana neman ƙofa. Ka kuma san ruwan Agusta a ƙasar Rogo da Karaye, in ya tsinke sai ya yini ya kwana.

Ranar da ka ga tabo a silin ɗakin da ke ƙarƙashin baranda, fenti ya kumbura yana ɓarewa, kada ka yi garajen kiran birkila ya shafe wurin da siminti. Yawancin masu gida nan suke zubar da kuɗinsu. Ruwa yakan shiga ta wata kusurwa, ya bi ƙarƙashin tayil ko jikin rodi, ya yi tafiya mai nisa kafin ya ɗigo. Ka toshe masa nan, baɗi ya ɓullo ta kan gadonka. Abu na farko ma, in danshin ya kusanci fitila ko fanka, kashe wutar ɗakin.

Sai ka lura da lokacin yoyon. In da rani ma yana ɗiga, ruwan sama ba shi da laifi: tafi wajen tanki da bututunsa. In sai an yi ruwa da iska, duba dokin ƙofar da ke fita barandar da gindin taga. In kuwa sai an ɗauke da yini guda yake farawa, ruwa ne ke kwana a saman.

Hau da kanka bayan an ɗauke, da alli a hannu, ka zagaye duk inda ruwa ya kwanta. Fara da indararo. Mutanenmu ba sa ganin fili a sama su ƙyale, nan ake shanyar masara da barkono, ƙaiƙayi da ƙurar hunturu su taru su cushe bakinsa, mai gida yana ƙasa yana zagin magini. Daga nan bi inda daɓe ya haɗu da bango, da gindin kowane ƙarfen da aka kafa. Ƙwanƙwasa tayil da ƙotar guduma. Wanda ya yi ƙarar holoƙo, akwai rami a ƙarƙashinsa. Ko tsagar da ba ta fi silin gashi ba kada ka raina, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In ido ya gaza, ka sa ruwa ya tona asirin kansa. Wani ya tsaya a ɗaki, kai kuma ka riƙa zuba wa wuri ɗaya ɗaya, daga mafi ƙasa zuwa sama, kana dakatawa tsakani. In ka jiƙa ko'ina lokaci guda, ba ka gano komai ba. In shiru, toshe indararo ka tara ruwa mai zurfin santimita 5, ya kwana ɗaya ko biyu. Baranda mai mita 2 a faɗi da 3 a tsawo lita 300 za ta sha, wato jarka 12 masu lita 25, kilo 300 ke nan. Saboda haka dekin da ya riga ya lotsa, ko rodinsa ya leƙo, ba a yi masa wannan gwaji; injiniya ake kira. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankare daga ciki, fenti ba ya maganin wannan.

Da damina, share indararo, rufa leda mai kauri, ka yi haƙuri. Kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen kankare. Bari kaka ta wuce, rufi ya bushe sarai. Sannan a ɗaye tayil, a buɗe tsagar a cike ta, a sake daɓe da gangara zuwa indararo, kamar santimita 2 a kowace mita. A shimfiɗa tabarmar kwalta irin wadda ake mannawa da wuta, a hau da ita jikin bango aƙalla santimita 15. Kafin a mayar da tayil a sake tara ruwa, kuma kada ka biya cikon kuɗin aiki sai silin ya kwana biyu a bushe.

In kuwa soron ƙasa ka gada, mai azara, ka yi hattara da mai ce maka a lulluɓe shi da siminti. Siminti ba ya zama lafiya a kan ƙasa: ya tsage, ruwa ya shige ƙarƙashi ya rasa mafita, azara ta ruɓe ba ka sani ba. Magina na dā makuba suke sawa a yaɓe, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali su yi laso da katsin marina da gashin jima da dafara, kuma ana sabunta yaɓen kafin ruwa ya sauka. Nemi dattijon magini da ya san wannan aiki tun a watan Maris, don da zarar an yi shuka, gona za ta ɗauke maka shi.