TARIHIN GWANDU A FILIN WASA: TA INA ƘARYA TAKE SHIGOWA?

 

'Yan uwa, makon jiya bayan la'asar wasu samari huɗu daga wani ƙauye a ƙasar Kalgo suka same ni a zauren masallaci, ɗayansu riƙe da littafin rubutu na makaranta duk ya lanƙwashe. Suna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo. Suna so in an gama kaka, an kai gero da shinkafa gida, su yi wasa a filin firamare a kan tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Malam Abdullahin Gwandu. Babbansu ya ce: "Allah gafarta Malam, wasu na cewa abin ga haram na, wai ƙarya ta. Shi yas sa munka taho mu ji."

Na ce su bar min littafin in kwana da shi. Da na karanta, sai na ga tambayar da suka kawo mai sauƙi ce. Akwai wata da ta fi ta nauyi a cikin littafin, kuma ba su lura da ita ba. Na rubuto wannan ne don na san ba su kaɗai ke da wannan niyya ba.

Mu fara da tambayarsu. Shin wasan kwaikwayo ƙarya ne? Malaman zamani sun yi saɓani. Shaikh Bakr Abu Zaid ya rubuta ɗan littafi sukutum yana hana shi. Wasu, irin su Shaikh Ibn Usaimin, sun sauƙaƙa tare da sharuɗɗa. Ni abin da na natsu da shi shi ne, ƙarya ita ce ka ba mutum labarin da ya saɓa wa haƙiƙa don ya ɗauka gaskiya ne. Yaron da ya manna gemun auduga a wasan tashe cikin azumi, babu wanda ya ɗauka tsoho ne, har tsohuwar da ta ba shi sadaka ta san ɗan gidan wane ne. Masu halattawa suna kafa hujja da zuwan Mala'ika Jibrilu cikin siffar mutum yana tambayar abin da ya riga ya sani don sahabbai su koya. Masu hanawa suna cewa wannan da umarnin Allah ne, ba a ƙiyasi a kansa. Kowa da madogararsa. Amma akwai iyakokin da ba a wasa da su. Ba a kwaikwayon Annabawa, kuma mafi yawan malamai sun haɗa da Sahabbai. Ko Mustafa Akkad a fim ɗinsa Ar-Risala na 1976 bai nuna Manzon Allah (SAW) ba, bai kuma sa muryarsa ba. Sai kuma tsare sallah, da sutura, da barin batsa.

To, in asalin wasa ba ƙarya ba ne, ta ina ƙarya take shigowa? Na ga ƙofa uku a littafin yaran nan.

Ƙofa ta farko ita ce maganar da ake sa wa mamaci a baki. A fitowa ta biyu sun rubuta wa Malam Abdullahi doguwar huɗuba, mai daɗin ji, cike da kirari da barazana ga abokan gaba. Na tambaye su a wane littafi suka samo ta. Marubucin ya yi murmushi ya ce shi ya tsara. Ka ga matsalar? 'Yan kallo sun san yaron da ya naɗa rawani ba Malam ba ne, amma ba su san kalmomin ba na Malam ba ne. Dattijuwa za ta koma gida ta ce wa jikokinta: "Haka Malam ya faɗa." Bayan shekara goma maganar ta zama ruwaya, wani ma ya hau mumbari da ita. Mutumin da ya rubuta tafsirin Diya'ut Ta'awil, ya bar mana littattafai masu yawa a fiƙihu da nahawu da siyasa, bai rasa maganarsa ta kansa ba balle mu ƙago masa. Malami kuwa maganarsa fatawa ce a wurin jama'a. Wanda ya ƙago masa magana ya ƙago hukunci ne.

Shawarata a nan, kada kowa ya sa rawanin Shehu ko na Malam ko na Sarkin Musulmi Bello. Ban ce hukuncinsu ɗaya da na Annabawa ba, a'a. Amma wa ke son ya ga yaron da jiya ake dariyarsa a wasan barkwanci yau an ce shi ne Malam? A ba da labarin ta bakin talakawa: almajirin da ke karanta wasiƙar Malam, matar da ke jiran mijinta ya dawo daga yaƙi, maƙerin da ke ƙera mashi. Waɗannan kowa ya san misali ne, kuma ba a jingina musu hukunci.

Ƙofa ta biyu ita ce abin da aka tsallake. Wasan nasu fitowa uku ne: nasarar Tabkin Kwatto a 1804, cin Birnin Kebbi a 1805, sai zaman Malam a Gwandu. Duka ukun sun faru. Amma a wannan shekara ta 1805 ɗin aka yi yaƙin Alwasa, nan kusa da mu, inda aka fatattaki jama'a, aka kashe mutane masu yawa, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu kafin Allah ya kawo ɗauki. Kafin wannan karon kuma wasu daga cikin rundunar sun afka wa wani gari da ke da amana da jama'a, shugabanni na hanawa, ba su ji ba. Wa ya tona wannan? Su da kansu, Malam Abdullahi da Bello, su suka rubuta.

Kai, abin ya wuce nan. Wajen 1807 Malam ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, saboda ya ga mutanen kirki da yawa sun yi shahada, waɗanda suka rage kuma son duniya da mulki da ado ya fara cin wasu. Ya tsaya a Kano, mutanenta suka roƙe shi, ya karantar da su, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da shari'a, sannan ya dawo. Shi da kansa ya ba da wannan labari a Tazyinul Waraƙat, wanda ya haɗa a 1813. Mutumin da ake son a girmama bai ɓoye aibin ɓangarensa ba. Mu kuma da sunan ƙaunarsa za mu ɓoye? Wasan da ya nuna Kwatto ya tsallake Alwasa kowace jimlarsa na iya zama gaskiya, amma ɗan kallo zai tashi da fahimtar da ba gaskiya ba: wai masu gaskiya ba sa kuskure, ba a cin su da yaƙi. Yaron da aka raina a kan haka, ranar da ya ga malaminsa ya yi tuntuɓe, sai ya yi jifa da addinin gaba ɗaya.

Ƙofa ta uku ita ta hana ni barci. A littafin nan Sarkin Kabi wawa ne. An ce a cusa masa matashin kai a ciki, a ba shi ƙwaryar giya, ya riƙa tuntuɓe yana gudu yara na ihu. Na ce: "Wa zai fito a wannan?" Suka nuna ƙaraminsu, ya sunkuyar da kai. Na ce: "Yarona, ina ne gidan kakanninka?" Ya ce uwarsa 'yar Argungu ce. Wato ranar wasa uwar nan za ta zauna a tabarma cikin mata, ɗanta na cikinta yana mai da kakanninta abin dariya, maƙwabta na tafi.

'Yan uwa, ƙasar nan tamu ba gida ɗaya ba ce. Daga Gwandu zuwa Kalgo, daga Jega zuwa Argungu, jikokin waɗanda suka gwabza da juna ne suke sahu ɗaya a masallaci, suke auratayya, suke cin kasuwa ɗaya. Kabawa suna da tarihinsu tun daga Kanta da Surame a ƙarni na 16, har Adamu Halilu ya yi fim a kan Kanta a 1978. Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutarsu a Argungu a 1849, aka yi ta yaƙi shekara da shekaru, in ban da ɗan hutun da ake kira Lafiyar Toga. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, aka rufe wannan babi. Wutar da manya suka sha wahala kafin su kashe, bai kamata yara su hura ta don neman tafi a filin firamare ba. Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, kuma cikin dalilan da ruwaya ta ambata akwai cutar da rayayyu. Ga misalinsa nan ƙiri-ƙiri a gabana, yaro ya sunkuyar da kai.

Na san wani zai ce: "Malam, kana so ka daidaita masu jihadi da waɗanda suka yaƙe su ke nan?" A'a. Ni ina kan cewa Shehu da jama'arsa sun tashi ne don gyaran addini da kawar da zalunci, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma yarda da gaskiyar wani ɓangare bai ba ka lasisin yi wa ɗaya ɓangaren ƙazafi ba. Kana da hujjar cewa sarkin nan mashayi ne? Matsoraci ne? In babu, to ƙage ne, kuma mutuwa ba ta halatta mutuncin mutum. Dubi Alƙur'ani, yana kawo hujjojin masu jayayya da Annabawa yadda suka faɗe su, sannan ya rushe su. Dubi Abu Sufyan a gaban Hiraƙlu, yana kan shirka a lokacin, amma ya ji kunyar a kama shi da ƙarya a kan abokin gabarsa. Ashe mu da muke sallah za mu gaza shi? Ban da haka, in ka mai da abokin gaba wawa ka rage wa gwarzonka daraja. Wace jarumta ce a kayar da wawa?

Wani kuma zai ce: "In haka abin yake da haɗari, a bar shi mana." Wannan ma ban yarda ba. Yaranmu sun haddace sunayen jaruman fina-finan Indiya da na Turkiyya da ake fassarawa, amma ka tambayi ɗan sakandare a Gwandu, wanda kullum yake wucewa ta gaban hubbaren Malam, ya kawo maka sunan littafinsa guda biyu, sai ya yi ta sosa ƙeya. Littattafan da Larabci suke, mutanen ƙauye da yawa ba za su karanta ba, amma za su zo kallo. Tun a 1977 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka fita ƙauyukan Soba suka yi Wasan Manoma, suna ɗauko matsalolin manoma daga bakinsu suna mai da su wasa, a tattauna bayan an gama. In an yi haka a kan taki da gona, me zai hana a yi a kan tarihi? In malamai suka ce haram suka juya baya, wasan ba zai fasu ba, za a yi shi ne ba tare da mai gyara ba.

Don haka na ba su ma'auni guda. Na ce kafin ku fita fili, ku ɗauka cewa a layin gaba akwai dattijo daga Gwandu, da Bakabe daga Argungu, da Bagimbane daga Jega. Ba dole su ji daɗin kowace fitowa ba, tarihi ba shayi ba ne. Amma in an tashi, kowannensu ya iya cewa: "Ba a yi wa kakana ƙarya ba."

Na kuma ba su shawarar fitowar ƙarshe. Bayan rasuwar Shehu a 1817 an yi wa Bello mubaya'a, aka samu ɗan tsami tsakaninsa da baffansa Malam Abdullahi. 'Yan shekaru bayan haka Malam na fama da tawayen Kalambaina, sai Bello ya kawo masa ɗauki. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Malam ya hana shi, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Na ce ku sa yaran barga biyu su tsaya daga nesa suna ba juna labarin abin da idonsu ke gani. Sannan kada ku manta, waɗanda ke cikin ganuwar a ranar mutanen Malam Abdussalami na Gimbana ne, almajirin Shehu da daga baya suka saɓa da Bello, kuma ɗansa Buhari shi ya kafa Jega. Ku bar wata tsohuwa daga cikinsu ta faɗi abin da ta rasa. Ranar sulhun wasu, ranar makokin wasu ce, kuma duka biyun sun faru.

Uku daga cikinsu sun karɓa. Marubucin bai gamsu ba tukuna, ya ce in aka cire wawan sarki babu abin da zai ba mutane dariya, za su watse. Na ce masa ya nemo dariyar a wani wuri, ga ɗan kasuwa mai tauye mudu, ga matsoracin da ya ɓuya a rumbu ranar yaƙi, waɗanda ba kakan kowa ba ne. Ya ce zai gwada, zai dawo min da littafin bayan Juma'a biyu. Na kuma ce su kai shi wurin wani dattijo masanin tarihi a Gwandu da wani a Argungu kafin su fara gwaji, don ni limami ne, iyakar abin da na karanta na faɗa.

Allah ya jiƙan Shehu da Malam Abdullahi da Bello da dukkan magabatanmu Musulmi, ya haɗa kan jikokinsu, ya tsare harsunanmu daga ƙage ga rayayye da mamaci. Wallahu a'alam.