HAKKIN MA'AIKACI IDAN CIWO YA KWANTAR DA SHI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan mutumin da ba shi da jari sai ƙarfinsa ne. A Kademi da sauran ƙauyukan Gaya da Ajingi muna da irinsu da yawa: ɗan ƙwadago a gonar gero da gyada, da lebura a wajen magina, da yaron shago, da direban motar haya. Lafiyarsu ita ce rumbunsu. Ranar da zazzaɓi ko karaya ta kwantar da ɗayansu, ranar ce tukunya ke sauka a gidansa. To, wa ke da alhakin ciyar da iyalinsa har ya miƙe?

A Amurka masu kamfanoni da yawa sukan yi wa ma'aikatansu inshorar jinyar ɗan lokaci. Mai kamfani yakan biya kamfanin inshora wani abu kaɗan kowane wata, shi kaɗai ko tare da ma'aikacin. Idan ciwo ko haihuwa ya hana mutum aiki, sai likita ya ba da shaida, a jira kamar mako ɗaya ko biyu, sannan a riƙa ba shi wani kaso na albashinsa, galibi rabi ko kashi 60 cikin ɗari, har wata uku zuwa shida. Ba a ba shi cikakken albashi, don kada mai lafiya ya ga kwanciya ta fi aiki riba.

A nan gida ma doka ba ta yi shiru ba. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ba ma'aikaci damar karɓar ladansa har na kwanakin aiki 12 a shekara in ya kwanta ciwo, muddin likita ya shaida. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, domin wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta saboda aikinsa. Ba a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Amma fa waɗannan dokoki ba su cika kaiwa ga wanda aka ɗauka da fatar baki a bakin kasuwa ba.

Wani zai ce, ai inshora haramun ce. Lalle malamai sun soki inshorar kasuwanci saboda garari da riba da ke cikinta, kuma Majalisar Fikihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke haka a Jidda a 1985. Sai dai a zaman nan ɗin ta halatta inshorar taimakon juna, wadda ake kira takaful, inda kowa ke zuba nasa da niyyar kyauta, a tallafa wa wanda masifa ta afka wa. An kafa kamfani na farko irin wannan a Sudan a 1979, kuma hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a Nijeriya a 2013.

Asalin wannan yana cikin Sunna. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa su raba daidai. Sayyidina Umar kuwa da ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya yanka masa abin masarufi daga Baitulmali, don ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yar da shi ranar da ya gaza. Iyayenmu ma sun san haka: in manomi ya kwanta da damina, maƙwabta kan yi masa gayya su nome gonarsa.

Ku sani, a fikihu lada yana bin aiki ne, amma abin da aka gindaya a yarjejeniya ya zama wajibi a cika shi. Saboda haka, ya kai maigida, tun ranar da ka ɗauki yaro ku yi magana gaban shaidu: in ya yi ciwo kwana nawa za ka biya shi, kuma nawa. Ka riƙa ware wani abu daga ribar kowane wata domin wannan rana. Ku kuma masu sana'a ɗaya, magina da teloli da 'yan acaɓa, ku buɗe asusun jinya, ku danƙa shi ga amintacce mai rubuta shiga da fita. Shi kuwa ma'aikaci ya ji tsoron Allah, kada ya ƙirƙiri ciwon ƙarya, domin abin da ya karɓa ta haka haram ya ci, kuma ya toshe ƙofar alheri ga mai ciwon gaskiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu fita hakkin waɗanda ke ƙarƙashinmu tun kafin ranar hisabi, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.