Ramin da aka rufe, wa zai biya kuɗin tsaronsa?



'Yan uwa, malaman fiƙihu sun ce wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, wani ya faɗa, lamuni yana kansa, ko da ya daɗe da barin garin. To ina ga wanda ya binne guba?

A garin Niagara Falls na Amurka akwai wani wuri da ake kira Love Canal. Kamfanin Hooker ya zuba dattin sinadarai kimanin tan 21,000 a ramin, ya rufe da ƙasa. A 1953 ya sayar wa hukumar makarantun garin filin a kan dala 1 tak, ya rubuta a takardar ciniki cewa akwai sinadarai a ƙasa, kuma duk abin da ya faru ba ruwansa. Aka gina makaranta a wurin, gidaje suka kewaye ta. Bayan shekara 25 guba ta riƙa tsatsafowa cikin gidaje. A 1978 Shugaba Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, aka kwashe ɗaruruwan iyalai da kuɗin gwamnati. Sai a 1995 kamfanin Occidental, wanda ya sayi Hooker, ya yarda ya biya gwamnatin tarayya dala miliyan 129. Har yau ana tace ruwan da ke fitowa daga ramin.

Wannan sharaɗi na "ba ruwana" shi ya fi tsaya mini a rai. Ko an ce ya inganta, tsakanin mai saye da mai sayarwa ne. Yaron da aka haifa a unguwar bayan shekara 20, yaushe ya sa hannu? Mutum biyu ba su da ikon yafe haƙƙin na uku.

Fahimtata, tsaron irin wannan rami bashi ne a kan wanda ya ci ribarsa. Kuma kun sani, bashi ake fara fitarwa kafin a raba gado. Don haka tun kamfani yana aiki, yana da kuɗi, ya kamata hukuma ta tilasta masa ware kuɗin tsaron a ajiye amana. In aka bari ya rushe, baitulmali zai biya, wato talakan da bai ci ko sisi ba.

Mu ma fa mu duba. Kududdufin da aka cika da shara da ruwan majema, aka yanka filoti aka sayar, dillali ya sani ya yi shiru. Alhaji, kai da ka karɓi kuɗin, wanda ya saya a nan zai haƙa rijiyar da 'ya'yansa za su sha.

Wallahu a'alam.