Layi Biyu a Kan Tsinke

A cikin kayan da ake sayarwa a kemis, da wuya a sami abu mai arha da yake ɗauke da nauyi irin na tsinken gwajin ciki. Daga manyan shagunan magani na Wuse da Garki har ƙananan kemis na lungunan Nyanya da Kubwa da Lugbe, ba inda ba a samunsa. Mace takan aika a sayo mata a ɓoye, ta tsoma shi a fitsarin asuba, ta zuba masa ido. Layi ɗaya, babu komai. Layi biyu, an samu. Daga nan sai murmushi, sai lissafin watanni da yatsu, sai tunanin yadda za a faɗa wa maigida.

Sai dai tsinken nan bai san jariri ba. Abin da yake ganowa wani sinadari ne da likitoci ke kira hCG, wanda ƙwayoyin mabiyiya suke fitarwa tun ciki yana ɗan kwanaki. Wato labarin mabiyiya yake bayarwa. Da yake a mafi yawan lokuta mabiyiya da ɗa tare suke tafiya, shi ya sa muke ɗaukar layi biyu a matsayin albishir, kuma galibi albishir ɗin ne. Amma akwai cikin da mabiyiya ke girma ita kaɗai, ta yi ta tohuwa ba ƙaƙƙautawa har ta cika mahaifa da ƙananan ƙulluttai masu ruwa, kamar nonon inabi. Shi ne cikin da ake kira mola a asibiti. A Turai da Amurka akan same shi a wajen ciki 1 cikin 1,000, a wasu ƙasashen Asiya kuma ya fi haka yawa. Ya fi samun 'yan mata masu ƙananan shekaru da matan da suka haura 40, kuma duka biyun muna da su da yawa a ɗakunan awon ciki.

Asalinsa tun daga ranar da aka ɗauki cikin ne. A ƙa'ida, ƙwan mace yana kawo zaren gado 23, ƙwayar maniyyin namiji ta kawo 23, su haɗu su zama 46. Wani lokaci sai ƙwan ya zo ba nasa rabon a ciki, na namiji ya ninka kansa ya cike gurbin. A irin wannan ba a samun ɗa ko kaɗan, mabiyiya ce zalla, shi ake kira cikakken mola. Wasu masana biyu 'yan Japan, Kajii da Ohama, su suka tabbatar da haka a 1977. Wani lokacin kuma ƙwan lafiyarsa lau, amma ƙwayoyin maniyyi biyu suka shige shi tare, lissafi ya tashi 69. Nan akan fara halittar ɗa, sai dai ba mai rayuwa ba ne. Na tsaya a kan wannan bayani ne don a ji da kyau: ba wani abinci da ta ci, ba tulun ruwa da ta ɗauka, ba hawan babur a hanya mai gargada, ba allurar tazarar haihuwa da ta taɓa yi ne suka jawo shi ba. Shi ma mijin bai yi komai ba. Abu ne da ya auku kafin ita kanta ta san tana da ciki.

Abin da ya fi ba ni tausayi a lamarin shi ne yadda alamominsa suke kama da alheri. Sinadarin nan yakan yi yawa fiye da kima, a cikakken mola yakan haura 100,000 a ma'aunin asibiti, don haka laulayi sai ya yi tsanani, ko ruwa ba ya zama a ciki. Mahaifa kuma takan girma ta wuce watanninta. Mace mai wata uku sai a gan ta kamar mai wata biyar. To me tsofaffin gida za su ce? "Kai, wannan ciki naki, 'yar nan, anya ba tagwaye ba ne?" Ana dariya, ana zolaya, ita ma tana jin daɗi a ranta ko da tana galabaice. Sai jini ya fara ɗiga, wani lokaci baƙi-baƙi, ya zo ya ɗauke, ya sake dawowa. Wata ma takan ga ƙulluttan da idonta sun fito. Wata jininta ya hau tun ciki bai kai wata biyar ba, wata zuciyarta ta riƙa bugawa da sauri, hannu na rawa. Ranar da aka ɗora mata na'urar hoton ciki, sai mai ɗaukar hoton ya yi shiru, ya ce bari ya kira likita.

Matar da aka ce mata "babu yaro a ciki" ta yi rashi, kuma rashi ne na gaske, ko da ba a yi wanka da sutura ba. Ta riga ta zaɓi suna a zuciyarta. Wani abin da ke ƙara mata ciwo shi ne ba ta san ma abin da za ta ce ta rasa ba. Idan ta koma gida kuma sai fassara ta yi yawa: wannan ta ce aljani ne ya shanye cikin, waccan ta ce sammu ne, wata ta ce cikin kwanciya ya yi, a bar shi zai tashi. Ba na raina masu faɗin haka, domin da ƙauna suke faɗa, kuma abin da suka gada ke nan. Addu'a kuwa ba wanda ya isa ya hana mai rashi. Amma duk makon da aka ɓata ana jiran kwantaccen ciki ya tashi, abin da ke cikin mahaifa ƙaruwa yake, haɗarin ɓallewar jini yana ƙaruwa tare da shi.

Maganin farko wankin ciki ne, da na'urar da ke zuƙe abin da ke cikin mahaifa. Wannan ba aikin ɗakin bayan kemis ba ne, ba kuma na ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe a gida ba. Ana iya zubar da jini sosai a lokacin aikin, saboda haka wurin da ke da ajiyar jini da likitan mata ake nema. A Abuja akwai Babban Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999 da sunan asibitin mata da yara tun farko, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, ga asibitocin gwamnati a Asokoro da Maitama da Wuse da Kubwa. Bayan aikin, a tabbata an kai abin da aka ciro ɗakin bincike an duba shi a madubin likita, a kuma koma a karɓi sakamakon. Takardar nan ce za ta faɗi ko cikakken mola ne ko ɗaya nau'in, kuma a kanta ne likita zai tsara abin da ya rage.

Abin da ya rage ɗin shi ne dalilin rubutun nan. An yi wanki, jini ya tsaya, amai ya ɗauke, mace ta fara cin abinci, fuskarta ta dawo. 'Yan dubiya sun zo sun ce, "Sannu, Allah ya mayar da alheri, Allah ya kawo rayayye." A idon kowa magana ta ƙare. Amma manomi a Kuje ko Bwari ya san cewa gona ba ta gamuwa da noman firi. Ranar da aka gama shi gona fes take, sai dai saiwar ciyawa tana ƙasa, dole a dawo a yi maimai. Ƙwayoyin mola suna iya maƙalewa a jikin bangon mahaifa, ƙanana ƙwarai yadda ko hoto ba ya nuna su. A wajen mata 15 zuwa 20 cikin 100 da suka yi cikakken mola, ragowar nan takan ci gaba da girma. A ɗaya nau'in abin bai kai haka ba, bai fi 'yan kaɗan cikin 100 ba. Idan aka bar ta, tana iya huda naman mahaifa, ko ta rikiɗe ta zama ciwon daji mai saurin bin jini, wanda ya fi zuwa huhu, wani lokaci har hanta da ƙwaƙwalwa.

Rahamar da ke ciki ita ce ciwon ba ya iya ɓuya. Duk inda ƙwayoyin nan suke a jiki, sai sun fitar da sinadarin da ya sa tsinke ya nuna layi biyu tun farko. Don haka ake ɗibar jinin mace duk mako ɗaya ko biyu ana auna shi. Idan lamba tana sauka, alhamdu lillahi. Idan ta tsaya cak ko ta fara hawa, an kama ciwon tun bai yi ƙarfi ba. Bayan ta sauka daidai ma, a cikakken mola akan ci gaba da awo wata-wata har wajen wata 6. Awon jini ake bukata a nan, domin tsinke e ko a'a kawai ya iya faɗa, bai san ƙidaya ba. Har ma idan sinadarin ya yi yawa ainun yakan ruɗe ya nuna layi ɗaya.

Wani likita ɗan asalin Sin, Min Chiu Li, ya rasa aikinsa saboda wannan lamba. Yana aiki a Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa a Amurka tare da Roy Hertz, a 1956 suka ba da rahoton cewa maganin methotrexate ya narkar da irin wannan ciwon daji a jikin matan da ya riga ya kai musu huhu. Kafin lokacin, yawancin waɗanda ya bazu a jikinsu mutuwa suke yi cikin watanni. Shi ne karo na farko da magani kaɗai ya warkar da ƙullutun daji da ya bazu. Amma Li ya ƙi dakatar da magani don hoto ya nuna ƙullutu ya ɓace. Ya ce muddin sinadarin yana nan a awo, ciwon yana nan. Shugabanninsa suka ga yana wahalar da marasa lafiya da magani mai dafi ba dalili, suka sallame shi a 1957. Daga baya aka ga matan da aka tsayar wa magani da wuri ciwonsu yana dawowa, waɗanda aka bi hanyarsa kuwa sun warke sarai. A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker. Yau matan da aka kama nasu da wuri kusan dukansu suna warkewa, yawanci da magani guda, methotrexate ko actinomycin D, kuma mahaifarsu tana nan, suna haihuwa daga baya.

A nan ne maganar ta bar hannun likita ta dawo tsakar gida. Za a ce wa matar kada ta ɗauki wani ciki har a gama awo, idan kuma ta sha maganin daji, ta jira shekara guda. Dalilin a fili yake: sabon ciki zai ɗaga sinadarin, likita ya kasa bambance ɗa da ciwo. Amma wa zai faɗa wa uwar miji? Amarya ce, cikin fari ne, ko kuwa tana da abokiyar zama mai goyo, kowace safiya ana duban cikinta. "Har yanzu shiru?" Kalma uku ne, amma sun isa su sa mace ta ajiye ƙwayar tazara ta daina zuwa asibiti. A irin wannan wuri ne sauri yake haifar da nawa. Ni a ganina nauyin miji ne, ba nata ba. Shi ya kamata ya shiga wurin likita ya ji da kunnensa, sannan ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Hajiya, likita ne ya ce a dakata, kuma ni na amince. A taya mu da addu'a." Idan daga bakinsa ta fito, ba mai sake tayar da ita.

Sai kuɗi. Yawancin masu ƙaramin ƙarfi da ke aiki a Abuja ba a cikin gari suke kwana ba, suna Mararaba da Karu da Zuba da Dei-Dei, wasu har Suleja. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi lissafinsa. Ga kuɗin awon jini a kai a kai, ga yinin da za a rasa a layi, ga yara da za a bar wa maƙwabta. Mace tana jin garau, me zai sa ta kashe kuɗin cefane don a gaya mata lamba? Ban ga laifinta ba idan ta yi wannan tunani. Dangin da suka saba haɗa gudummawar suna da kayan barka su sani cewa wannan ma wurin gudummawa ne, har ya fi. Kuma ba laifi ba ne a tambayi likita ko za a iya yin awon a ɗakin gwaji mafi kusa da gida, a riƙa kawo masa sakamako, in dai wuri ɗaya ake yi kullum don lambobin su yi daidai da juna.

Akwai kuma waɗanda ba su ma san mola suka yi ba. Nau'in da ake fara halittar ɗa yakan zo kamar ɓari na yau da kullum, a yi wanki ko ya fita da kansa, a binne, ba a kai komai bincike ba. Duk matar da ta yi ɓari, ta sake gwada fitsarinta bayan mako uku. Idan har yanzu yana nuna ciki, ko jini ya ƙi tsayawa, ko tari da haki suka biyo baya, ta koma asibiti ta faɗi cewa ta yi ɓari kwanan baya, ko ba a tambaye ta ba.

A Birtaniya tun 1973 ake rajistar duk matar da ta yi mola, aikin da Kenneth Bagshawe na asibitin Charing Cross a Landan ya jagoranta. Cibiyoyi ne ƙalilan suke bin kowace mace har a sallame ta, in ta yi jinkirin aiko da samfur a tuntuɓe ta. Ba na ganin wannan ya fi ƙarfin Babban Birnin Tarayya. Littafi ɗaya ne a kowane sashen mata, da lambar wayar matar da ta mijinta, da ma'aikaciyar jinya guda wadda aikinta ne ta kira ta ce, "Maman Abba, ba mu gan ki ranar Talata ba, lafiya?" Idan an sallame ta kuma, a gaya mata a fili cewa a cikin mata 100 da suka yi mola, wajen 1 ko 2 ne kawai yake sake samu, sannan a rubuta mata a kati cewa da zarar ta sami wani cikin ta zo a yi hoto da wuri.