Abin da Ke Sa Malami Ya Koyar

A wani gari akwai makarantar firamare mai aji shida. A cikinta akwai waɗansu malamai guda biyu waɗanda suka fito daga makarantar horon malamai shekara ɗaya, takardar shaidarsu iri ɗaya, albashinsu kuma ɗaya. Kullum da sassafe su duka biyu sukan sa hannu a littafin zuwa aiki. Wanda ya duba littafin nan kaɗai ba zai ga wani bambanci tsakaninsu ba.

Bambancin yana cikin aji. Na farko in ya shiga, sai ya kira sunayen yara, ya cika allo da rubutu, ya ce su kwafa, sa'an nan ya koma bakin taga yana kallon hanya har a buga ƙararrawa. Amma ran da aka ce mai duba makarantu yana tafe, ran nan ya fi kowa kuzari. Na biyun kuwa, in ya hangi wani yaro can baya ya sunkuyar da kai, sai ya tafi ya duba littafinsa. In ya tarar yaron yana rikita ɓ da ɗ, ya tsuguna kusa da shi, su yi ta yi har yaron ya gane. Ba wanda ya gan shi, ba kuwa wanda zai ƙara masa ko kwabo saboda wannan.

To, tun da albashinsu ɗaya, me ya sa ɗaya ke aikin ganin ido, ɗaya kuwa ke aiki tsakani da Allah? Wannan tambaya ta shafi kowane mai ɗa a makaranta, ta kuma shafi duk wanda ya yi karatu da girmansa, yake fatan wata rana shi ma ya koya wa wani.

Masu doki sun san abu uku ke sa doki tafiya. Akwai harawa da dawa, akwai ƙaimi, akwai kuma zuciya. Biyun farko daga wajen ubangijin doki suke fitowa, na ukun kuwa a cikin dokin yake. Haka al'amarin malami yake. Albashi shi ne harawarsa. Tsoron babban malami da mai duba makarantu, da begen ƙarin girma, su ne ƙaiminsa. Zuciyarsa kuwa ita ce son aikin kansa, watau daɗin nan da mutum ke ji sa'ad da ya ga yaron da jiya bai san baƙi ba yau yana haɗa kalma.

A fara da harawa. Akwai masu cewa malamin kirki ba ya maganar kuɗi, wai ladansa yana Lahira. Sau da yawa mai faɗin haka ya riga ya ci ya ƙoshi. Malami yana da mata da 'ya'ya, kuma mai hatsi a kasuwa ba ya karɓar ladan Lahira a bakin kuɗin tiya. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malaman mazhabar Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani kansa, shi ya sa tun kaka da kakanni ake kai wa malamin allo kuɗin Laraba, in yaro ya sauke kuma iyayensa su yi wa malam alheri. Malam Aminu Kano, wanda ba a taɓa zarginsa da kwaɗayin abin duniya ba, shi ne ya tsaya aka kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a shekarar 1948, don a kula da haƙƙinsu. Saboda haka neman albashi ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a sa mutum aiki a riƙe masa haƙƙinsa wata da watanni, har ya zama yana cikin aji amma hankalinsa yana wurin mai binsa bashi.

Amma shin in an ƙara harawa, lalle ne gudu ya ƙaru? An gwada wannan a wata ƙasa mai nisa. A shekarar 2005 gwamnatin Indonesiya ta yi doka cewa duk malamin da ya sami wata takardar shaida ta musamman za a ninka masa albashi. Waɗansu masana suka bi makarantu 360 suna lura har shekara uku, suka buga abin da suka gano a shekarar 2018. Sun tarar malaman sun ji daɗi, damuwar kuɗi ta ragu, masu neman wata sana'a bayan an tashi sun ragu. Amma da aka jarraba yaran, ba su fi na sauran makarantu ba. Kuɗin ya gyara zaman malam, wannan kuwa alheri ne, amma bai sake abin da malam ke yi a gaban allo ba.

Saura ƙaimi. Shi ma yana da ranarsa. A jihar Rajastan ta ƙasar Indiya akwai waɗansu makarantun ƙauye masu malami ɗaya ɗaya, inda fashin malamai ya yi yawa. Daga shekarar 2003 aka ba waɗansunsu na'urar ɗaukar hoto, aka ce kullum a ɗauki malam tare da yaransa da safe da kuma lokacin tashi, a biya shi gwargwadon kwanakin da ya zo. A makarantun da ba a yi haka ba, fashi ya tsaya a kashi 42 cikin ɗari, a waɗanda aka yi kuwa ya sauka zuwa kashi 21, karatun yara kuma ya ƙaru. Ashe gaskiya ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma daidai ne a sa ido a ga an yi askin.

Sai dai ƙaimi yana da iyaka. Hoto yana iya nuna malam ya zo, ba ya iya nuna ya tsuguna kusa da yaron nan na baya. Mafi yawan aikin koyarwa a inda ido ba ya kaiwa ake yinsa: haƙuri da mai nauyin kai, da sake bayani sau uku ba tare da tsawa ba, da gane cewa yarinyar da ke gyangyaɗi ba ta karya kumallo ba ne. Ba wata rajista da ake rubuta waɗannan a ciki. Bugu da ƙari, in aka ce za a saka wa malami bisa ga yawan yaransa da suka ci jarrabawa kurum, wani sai ya koma horar da su yadda za su amsa tambaya, ya ƙyale raunanan, wani ma har ya kai ga taya su satar amsa.

Akwai kuma wani haɗari wanda ya fi wannan ɓoyuwa. A shekarar 1973 waɗansu masana halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka suka buga labarin wani gwaji da suka yi da ƙananan yara masu son zane. Waɗansu an yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, waɗansu ba a yi musu alkawarin kome ba. Bayan 'yan kwanaki aka ajiye musu kayan zane aka bar su su yi abin da suka ga dama. Sai aka ga waɗanda aka yi wa alkawari sun rage sha'awa, sauran kuwa suna nan yadda suke. Abin da dā suke yi don daɗi ya zame musu aikin lada, da babu ladan sai suka sake shi. Babba ma haka zuciyarsa take. Malamin da aka saba masa da cewa kowane motsi sai da alawus, wata rana ko alli ba zai ɗauka ba sai ya tambayi nawa za a ba shi.

Tarihin ƙasar Hausa ya nuna yadda zuciya take in ta cika. Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ran Salla, ya raba musu kyauta. Ya ba Shehu Usmanu ɗan Fodiyo miskali 500 na zinariya. Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi abu biyar a madadinsa, na farkonsu kuwa a bar shi ya yi wa mutane wa'azi a ƙasar, kada kuma a hana kowa amsa kiransa. Abin da ya fi so a ba shi shi ne damar yin aikinsa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta horar da mata waɗanda ake kira jaji, ta aza musu malfa, suka riƙa kai ilmi ga matan ƙauyuka da ake ce wa 'yan taru. Ba su da albashin wata, ba mai bin su da rajista, duk da haka aikin ya daɗe bayan rasuwarta.

Wani zai ce, ai waɗannan bayin Allah ne na musamman, ba za a gina makarantun ƙasa duka bisa fatan kowane malami ya zama irinsu ba. Wannan magana gaskiya ce. Amma ko malami na yau da kullum da ɗan rabonsa na wannan zuciya yake fara aiki, kuma jama'a ke rayar da ita ko su kashe ta. Tana rayuwa in malam ya san abin da yake koyarwa sosai, gama ba mai jin daɗin aikin da bai iya ba. Tana rayuwa in an bar shi ya yi dabararsa a cikin ajinsa, ba a mai da shi kamar yaron aike ba. Tana rayuwa in ya ga mutanen gari sun san da shi. Tana mutuwa kuwa in aka cusa masa yara fiye da yadda zai iya sanin sunayensu, aka riƙe albashinsa, aka kuma ɗaukaka malalaci a kansa don yana da uwa a gindin murhu.

Saboda haka kowa yana da nasa kaso. Na hukuma shi ne ta biya haƙƙi cikakke a kan kari, ta sa ido da adalci. Na iyaye shi ne su taka zuwa makaranta su gaishe da malam, su tambayi karatun ɗansu, in sun ga ci gaba su ce masa sannu da ƙoƙari. Wannan gaisuwa ba ta cin ko kwabo, amma malamai da yawa sukan shekara ba su ji ta ba. Na malam kuwa shi ne ya binciki niyyarsa, gama addini ya koyar cewa bisa niyya ake auna aiki. Ya karɓi albashinsa ba tare da jin kunya ba, amma ya tambayi kansa: ran da ba mai kallo, yaya nake koyarwa?

Malaman nan biyu na makarantar garin za su bar aiki shekara ɗaya, a ba su fansho iri ɗaya. A littafin hukuma ba za a taɓa raba su ba. Amma wata rana wani magidanci zai tsai da kekensa a bakin kasuwa, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban wani tsoho, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ko ka gane ni? Ni ne yaron nan na baya mai rikita ɓ da ɗ." Kowa a garin ya san wanne ne daga cikin biyun za a yi wa wannan gaisuwa.