NI DAI BAN TAƁA TA BA

Akwai wata magana da mutanenmu suke son fakewa da ita duk lokacin da abu ya lalace a hannunsu, wato "ni dai ban taɓa shi ba." Yaro ya faɗe ta, babba ma ya faɗe ta, kuma da zarar an faɗa sai kowa ya yi shiru kamar alƙali ya yanke hukunci. To 'yan uwana masu karatu, tambayar da nake so mu tauna a nan ita ce, mutumin da ya naɗe hannu bai yi komai ba har abu ya mutu a gabansa, shin ya kuɓuta daga laifi? Ni dai amsar a jikin tsohuwar mota na same ta.

Kowa ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, a 1969 ta ci kyautar motar shekara ta ƙasashen Turai, sannan kamfanin haɗa Fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975. Daga nan ta zama motar ma'aikacin gwamnati, motar kai amarya, motar haya daga wannan gari zuwa wancan, kuma sai da aka wuce shekarar 2000 ana haɗa ta a Kaduna. Shi ya sa har yau in kun leƙa wasu gidaje za ku tarar da ita a gefe, an lulluɓe ta da tamfol, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Irin wannan ce a gidan wani ƙanin mahaifina. Da ya rasu magada suka kasa daidaitawa, wasu suka ce a sayar, wasu suka ce motar Baba ba za ta shiga kasuwa ba. Da gardama ta yi tsawo sai aka rufe ta a gindin darbejiya, aka jefa makulli a akwati, kowa ya kama gabansa. Shekara tara cur tana nan. Ranar da autan gidan ya kawo wani dattijon bakanike ina wurin, na kuma ji da kunnena babbar yayarsu tana cewa, "Malam, lafiyarta ƙalau fa aka ajiye ta, ko yatsa babu wanda ya sa mata." Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai ciwon nata ke nan."

Gaskiya ya faɗa. Mota ba zinare ba ce da za a binne a tono shi yadda yake. Fetur in ya kwana watanni a tanki yakan lalace, mai sauƙin cikinsa ya tashi, ya bar wani danƙo da ke toshe ƙananan ƙofofin kafireto. Tankin da ba a cika ba yana tara raɓa, raɓar ta zama tsatsa. Batir yana zuƙe kansa da kansa ko ba a kunna komai ba, in kuma ya daɗe a mace ba ya sake riƙe caji. Baƙin mai yana gangarewa ƙasa ya bar saman injin a bushe. Man birki yana shan danshin iska ya cinye ƙarfe daga ciki. Tayoyi su tsattsage, tiyo da fanbel su bushe, kuloci ya manne saboda tsatsa, ɓeraye kuwa su sami gidan haya kyauta suna gaigayar wayoyi. Duk wannan ɓarnar babu hannun kowa a ciki, amma kuma da hannun kowa, domin tayar da ita a ɗan zaga unguwa a kai a kai da ya hana yawancinta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda dattijon ya tunkari aikin. Autan ya riga ya sayo sabon batir, jikinsa har rawa yake yana son ya murɗa makulli. Dattijon ya riƙe hannunsa ya ce, "Kul, ɗana! Injin da ya yi shekara tara yana barci ba a tashinsa da tsawa." Sai ya kwance fulogi huɗun nan, ya ɗiga mai a kowane rami, ya ce a bar shi ya kwana. Washegari ya sa sifana ya juya injin da hannu a hankali, don ya ji ko fistin ya manne. Da an yi masa dole da batir, da zoben fistin ya iya karyewa ko ya kankare bangon silinda, ƙaramin aiki ya koma babba. Bayan nan ya juye tsohon baƙin mai ya zuba sabo, ya sauke tanki aka wanke, ya kwance kafireto ya busa kowace ƙofa, ya duba ruwan lagireto.

Duk da haka da aka murɗa makulli sai ta yi ta gurnani ta ƙi tashi. Nan fa 'yan kallo suka fara ba da fatawa, wannan ya ce kwayil ne, wancan ya ce a sayo sabon kafireto, wani ma ya ce an yi mata asiri. Dattijon bai kula su ba. Ya ce inji abu huɗu yake nema, mai da iska da wuta da matsi, kuma ɗaya bayan ɗaya ake tambayarsu. Ya duba wuta ya ga babu tartsatsi, ya buɗe ya tarar bakin kwantak ya yi tsatsa, ya goge, wuta ta zo. Har yanzu shiru. Ya cire tiyon da ke kai mai ya ga ko ɗigo ba ya zuwa, ashe robar cikin famfon mai ce ta tsage. Da aka canja, sai ta yi tari sau biyu ta kama, hayaƙi ya turnuƙe gidan, mata suka rangaɗa guɗa. Amma ya hana kowa fita da ita ƙofar gida sai da ya gyara birki, yana cewa motar da ba ta tashi ba abin haushi ce, wadda ta tashi ba ta tsayawa kuwa makara ce.

To ku dubi rayuwarmu da wannan idon. Nawa ne daga cikinmu muka lulluɓe zumunci da tamfol? Ya da ƙanwa su yi shekaru babu mai taka gidan wata, in an tambaya kowacce ta ce, "Ni ban zage ta ba, ban yi mata komai ba." Miji da mata suna gida ɗaya, babu faɗa babu duka, amma rabon da su zauna su yi hira har sun manta. Uwa ta yi karatu har sakandare, ta rufe littafi ranar da aka kai ta ɗaki, yau ɗanta ya kawo aikin gida tana kallonsa kamar baƙon rubutu. Babu wanda ya ɗaga hannu ya fasa komai, shirun ne ya yi tsatsa. Hausawa da suka ce zumunci a ƙafa yake sun san abin da suke faɗa, abin da aka yi don tafiya in ya tsaya mutuwa yake yi. Don haka ni a ganina barin abu ma aiki ne, kuma mai shi zai girbi abin da ya bari.

Na san wani zai ce, ai wani lokacin ja da baya shi ne hankali, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na yarda. Akwai motar da tsatsa ta riga ta cinye ƙashin bayanta, bakanike mai amana zai gaya maka ka haƙura, akwai kuma dangantakar da komawa cikinta cuta ce. Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya duba ya auna sannan ya ce na bari, da wanda ya kau da kai don kada ya duba. Na farko ya ɗauki nauyin hukuncinsa. Na biyu so yake a ce masa mai tsabtar hannu alhali ragwanci ne ko girman kai ya zaunar da shi.

Wanda kuma ya yi niyyar tayar da abin da ya kwanta, ya ari halin dattijon nan. Kada ki je gidan 'yar uwarki bayan shekara bakwai ki ce lallai a ranar za a koma kamar da, in ta ɗan ɗaure fuska ki yi fushi ki ce ai ga shi na gwada. Ki fara da gaisuwa, ki bar ta ta kwana, ki sake komawa. In abu ya ƙi, ki nemi inda matsalar take ɗaya bayan ɗaya, kada ki bi 'yan kallo masu ɗora wa kishiya ko dangin miji laifin komai. Sau da yawa abin da ya hana tashi ƙarami ne, wata kalma ce guda da aka faɗa a wurin biki ba a goge ta ba. Kafin kuma ki ɗauki hanya ki gyara birkin bakinki, don kada a tashi lafiya a faɗa rami.

Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Kowa ya leƙa gindin darbejiyarsa ya ga abin da ya rufe, ya ɗaga tamfol tun ƙarfen yana karɓar mai. Allah Ya sa mu gyara.